Sarkin da Ya Sa wa Labari Ƙofa

An ce a wani zamani an yi wani sarki mai ƙarfin mulki, mai son a ce ya yi adalci. Ba azzalumi ba ne, kada mu ɗauki alhakinsa. Aibinsa guda ne: in ya so abu, sai ya ga duk duniya ba wanda ya iya kula da abin nan sai shi. Abin da ya fi so kuwa a birninsa ba doki ba ne, ba zinariya ba, wani labari ne da ake kira Labarin Ƙosau.

Labarin wani mutum ne da ya bar garinsu a shekarar fari, ya tafi neman inda kogi ya gudu. Wanda ya fara ƙaga shi wani masani ne mai suna Malam Sammani. Tun yana da sauran ƙarfi yake zama a gindin wani durumi bayan la'asar, yana ba da shi kyauta ga duk wanda ya tsaya. Ya ce kowa ya ɗauka ya kai gida, ya ƙara abin da zuciyarsa ta ba shi. Sharaɗi ɗaya ya kafa, shi ne kuma ya zama al'adar garin: duk wanda zai ba da labarin, kafin ya fara sai ya ɗaga murya ya ce, "Daga bakin wane na sha, shi kuma daga bakin Malam Sammani, ga ɗan nawa a kai." Da haka labari ya yi ta ƙiba. Masu jakai suka ƙara nasu, maƙera suka ƙara nasu, 'yan mata suka yi masa waƙa, masu ɗinki suka sa Ƙosau a jikin hula. Da malamin ya tsufa sai ya koma wani ƙauye a bayan duwatsu, ya bar labarinsa yana yawo a gari.

Sarkin nan yana da waziri mai kaifin basira, irin mutanen da ba sa iya wucewa ta gindin bishiya mai 'ya'ya ba su tambayi ko wa ke karɓar kuɗinta ba. Wata rana ya faɗi gaban sarki ya ce, "Ya sarki, Allah ya ja zamaninka, akwai wata dukiya a birnin nan da ake wawashewa da rana tsaka. Mai ita tsoho ne, ba shi da mai tsaya masa."

Sarki ya ce, "Wace dukiya ce wannan, ya waziri?"

Ya ce, "Labarin Ƙosau. Duk wanda ya ga dama ya tsoma masa baki. Masu hula suna ci da shi, masu ƙwarya suna ci da shi, malamin da ya yi shi kuwa ko goro ba a kai masa. In sarki bai tsare haƙƙin tsoho ba, wa zai tsare?"

Maganar ta shigi sarki, domin an haɗa masa abu biyu da yake so, labari da adalci. Ya sa marubuta suka bi gari suka tattara labarin kamar yadda yake a bakin mutane, suka rubuta shi a littafi guda, aka buga masa hatimin sarki. Sunayen nan da ake farawa da su kuwa aka zubar, don waziri ya ce sunan mai jaki da na maƙeri ba su dace da littafin fada ba. Aka gina babban zaure mai ƙofar ƙarfe inda za a riƙa karanta shi, sai wanda ya biya zai shiga. Aka yi ta kwafar littafin ana sayar wa fataken ƙasashen nesa. Sannan aka yi shela: duk wanda ya ba da Labarin Ƙosau a wajen zauren nan, ko ya zana shi, ko ya ƙara masa wani abu, ko ya ci da shi ba da izini ba, ɓarawo ne, kuma hannunsa za a yanke.

Gari ya yi tsit. To, amma kun san halin mutane. Masu wayo suka sauya wa Ƙosau suna, suka daina faɗin daga bakin wane suka sha, suka ci gaba da abinsu a zaurukansu ba wanda ya ce musu ƙala.

A cikin garin akwai wata mata mai suna Hajo, mijinta ya daɗe da rasuwa, sana'arta zanen ƙwarya da ƙarfe mai zafi. Da hannunta take ci, ba ta da gona, ba ta da mai kawo mata. Ta shahara da zana abubuwan da suka faru a Labarin Ƙosau, in mai saye ya tambaya sai ta ba shi labarin abin da ke jikin ƙwaryar. Da aka yi shela ta bari, ta koma sayar da ƙwarya fara, amma ba mai ko taya mata. Da yunwa ta ci ƙarfinta sai ta fito da tsofaffin ƙoren da ta ɓoye, ta kai kasuwa. Wata baƙuwa ta ɗauki ɗaya ta ce, "Yaya, wannan tsohuwar da ke tsugune a bakin ƙofa fa, wace ce?" Hajo ta buɗe baki, bakin kuwa ya bi hanyar da ya saba. Ta ɗaga murya ta ce, "Daga bakin mahaifina na sha, shi kuma daga bakin Malam Sammani, ga ɗan nawa a kai." Ba ta rufe baki ba dogarai suka dafe ta.

Sarki ya ji daɗi da aka kawo masa labarin kama ta, abin kunya ne a faɗa amma haka aka yi. Ya aika aka ɗauko Malam Sammani daga ƙauyensa, don ya gani da idonsa yadda ake tsare masa haƙƙi.

Ranar hukunci da hantsi fada ta cika ta batse. An kafa gungume a tsakiyar fili. Hauni, mai zartar da hukuncin sarki, yana tsaye da wuƙarsa, a gefensa kuma tukunyar mai tana tafasa, wadda za a tsoma dungulmi a ciki don jini ya tsaya. Hajo tana durƙushe, ba ta kuka, sai dai ta rungume hannunta na dama a ƙirji ta ƙi sakinsa. Aka shigo da malamin yana dogara sanda, ya yi gaisuwa, aka shimfiɗa masa buzu.

Sarki ya ce, "Ya Malam, ga wadda ta ci haƙƙinka. An kama ta dumu-dumu. Ba mu yarda a taɓa ta ba sai a gabanka, don ka san a ƙasarmu ba a cin dukiyar tsoho."

Malam Sammani ya daɗe yana duban matar, sannan ya ce, "Ya sarki, da me aka gane ta?"

Sarkin dogarai ya ce, "Da bakinta ta kira sunanka a tsakiyar kasuwa, Malam."

Ya ce, "Waɗanda suke ba da labarin ba sa kiran sunana fa?"

Waziri ya ce, "Waɗannan ba mu da hujja a kansu."

Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe dokar da aka yi don sunana, mai kiran sunana kaɗai take kamawa."

Fuskar sarki ta sauya, domin ya aika a kawo masa mai godiya ne, sai ga shi an kawo masa mai tambaya. Ya ce, "Ba mu kira ka don ka yi mana gyaran doka ba, ya Malam."

Ya ce, "Ban isa ba, ya sarki. Wata shari'a ce ta dame ni, na ce tunda Allah ya kawo ni gaban mai adalci bari in tambaya. Wani mutum ya haƙa rijiya a bakin hanya, ya ce sadaka ce, kowa ya sha. Wata mata ta ɗebo ruwan, ta dama fura da geronta da nononta, tana sayarwa, duk wanda ya sha ta ce masa ya yi wa mai rijiya addu'a. Wani kuma ya zo ya kewaye rijiyar da katanga, ya zauna a bakin ƙofa yana karɓar kuɗi, ya ce don mai rijiya yake yi. A cikin su biyun, wa ya saɓa wa mai rijiya?"

Sarki ya san inda aka dosa, amma ba shi da halin yin ƙarya a gaban jama'arsa. Ya ce, "Mai katanga."

Waziri ya yi farat ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Malam ya manta da mutum na uku, wanda ya zo ya zuba wa rijiyar abin da ba ruwanta ba. Matar nan ba ɗiba kaɗai ta yi ba, zubawa ta yi. Da bakinta ta ce ga ɗan nata a kai. In kowa ya zuba nasa, yau mai ƙwarya, gobe mahauci, wa zai iya shan ruwan? Katanga ba don kuɗi aka yi ta ba, don tsabta aka yi ta."

Gaskiya waziri ya iya magana, har wasu daga cikin fadawa suka yi ta cewa haka ne. Sarki kuwa ya kama maganar da hannu biyu, don ta fitar da shi daga kunya. Ya ce, "Waziri ya yi gaskiya. Hauni, yi aikinka."

Dogarai biyu suka ɓamɓare hannun Hajo daga ƙirjinta, suka miƙe shi a kan gungume, suka ɗaure da igiya. Mata a bayan fili suka sa kuka. Hauni ya gwada wuƙa a wuyan hannun, ya ɗaga.

Malam Sammani ya miƙe ba tare da sandarsa ba, ya ce, "Ya sarki! Ba a yanke hannu a kan dukiya sai mai ita ya nuna ta ya ce ga tawa. Ka bar ni in faɗi abin da yake nawa a labarin nan, tsantsarsa, ba abin da kowa ya zuba, don a san abin da aka sata."

Sarki ya ɗaga yatsa. Hauni ya tsaya, amma bai sauke wuƙar ba.

Malam ya ce, "An yi wani mutum ana kiransa Ƙosau. Aka yi fari a garinsu. Ya tafi neman kogi, ya sha wuya, ya tarar dutse ne ya faɗo ya tare wa ruwa hanya. Ya yi ta haƙa har ruwa ya ɓalle. Ruwan ya riga shi isa gida, mutane suka sha suka ƙoshi, ba wanda ya tambayi wanda ya sako shi. Iyakar nawa ke nan."

Sarki ya jira ci gaba, bai ji ba. Ya ce, "Ina jakin nan mai gardama, wanda ba ya tafiya sai an ba shi hujja?"

Ya ce, "Na masu jakai ne, ya sarki. Ni ban taɓa hawa jaki na ji daɗi ba, balle in sa shi a labari."

"Dodon da ke haɗiye garwashi fa?"

"Maƙera suka ƙera shi."

Da sarki ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Tsohuwar fa? Mahaifiyar Ƙosau, wadda kullum da yamma take ajiye rabonta na ruwa a ƙwarya a bakin ƙofa, ita tana fama da ƙishi, tana cewa kada ya dawo ya tarar ban shirya ba. Wadda ta rasu da safe, ruwa ya iso da azahar. Kada ka ce mini ita ma ba taka ba ce."

Duk fada an san abin da ya sa ya yi wannan tambaya. Mahaifiyar sarki ta rasu yana can wurin yaƙi, ya dawo ya tarar an binne ta. Tun daga nan duk ranar da aka karanta labarin aka zo wurin tsohuwar, sai ya ja rawani ya rufe fuska, fadawa su sunkuyar da kai kamar ba su gani ba. Saboda wannan wurin yake son labarin, sauran duk rakiya ce.

Malam ya ce, "Da ma a ce tawa ce, ya sarki, da na yi alfahari. Wani falke ne ya kawo mini ita har ƙauye, na yi kuka kamar yadda kowa yake yi. Falken kuwa mai kiyaye al'ada ne, da zai fara sai ya ce, daga bakin Hajo mai zanen ƙwarya na sha. Yau da aka shigo da ni ta ƙofar gari, na ji mata suna kuka suna kiran wannan suna." Ya juya wajen gungume ya ce, "'Yata, ke ce Hajo?"

Ta ce, "Ni ce, Baba Malam."

Sarki ya dube ta, karo na farko ke nan da ya dubi fuskarta. Ya ce, "Gaskiya ne abin da ya faɗa?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san ƙari na yi ba. Ɗana Tanimu ne ya bi ayari tun yana saurayi, har yau shiru, ba gawa ba labari. Kullum da yamma ina ajiye masa ruwa a bakin ƙofa. Maƙwabta suka ce na haukace. Sai na ɗauki abin na ba uwar Ƙosau, na ga ita in ta yi ba a yi mata dariya."

Waziri ya ga ƙasa tana zamewa a ƙarƙashinsa, ya ce, "Ya sarki, ko da haka ne, an riga an yi shela. Maganar sarki ba ta komawa. In ta koma yau, gobe ba mai tsoronta."

Malam Sammani ya ce, "Kada ta koma, ya sarki, a zartar da ita. Shela ta ce wanda ya ɗauki abin wani ya ci da shi ba da izini ba, a yanke hannunsa. Matar nan da izinina ta ɗauka, na bayar tun ba a haife ta ba, kuma ta kira sunana. To, ga tsohuwarta can a cikin littafi ana sayar wa fatake, ga ta a zaure mai ƙofar ƙarfe, mai ita ko ta zo ba za a bar ta ta shiga ba. Wa ya nemi izinin Hajo? Ina sunanta? A dubi littafin, a ga hatimin wa ke kansa."

Ba a taɓa faɗin irin wannan a fadar nan ba. Dogarai suka kai hannu ga takubbansu. Sarki ya miƙe, idanunsa sun yi ja, ya sauko daga karaga yana takawa a hankali. Ya miƙa wa hauni hannu, hauni ya ba shi wuƙar. Ya tsaya a tsakanin tsohon da matar, ba wanda ya san ko a kan wa wuƙar za ta sauka, har malamin kansa ya fara kalmar shahada a hankali.

Sarki ya sunkuya ya yanke igiyar. Sannan ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗora hannunsa na dama a inda nata ya tashi, ya ce, "Hatimina ne. Hajo, ke aka yi wa sata, hukunci naki ne."

Hajo ta ja da baya tana riƙe da hannunta, tsoronta ya fi na ɗazu. Ta ce, "Wayyo, ranka ya daɗe, me zan yi da hannun sarki? Ko ƙwarya ɗaya ba zai zana mini ba. Ka ɗauke, don girman Allah."

Ya ce, "Ba zan ɗauke ba sai kin faɗi abin da za a biya ki da shi."

Ta dubi malamin, ya gyaɗa mata kai. Ta ce, "An ce littattafan nan suna zuwa ƙasashen da ban san sunansu ba. In an zo wurin tsohuwar, a rubuta cewa daga bakin Hajo ne, uwar Tanimu, tana nan a gidan da ya bar ta. Wataƙila wani ya karanta a inda yake."

Sarki bai ja rawani ba a wannan karo, ya bar hawaye suka zubo kowa yana gani. Ya juya wajen malamin ya ce, "Ya Malam, na so in tsare maka dukiya, ashe gidan mutane na shiga na kwashe. Me zan yi da littattafan? In ƙone su?"

Ya ce, "A'a, ya sarki. Marubuci ya sayar da takardarsa da wahalar hannunsa, kamar yadda Hajo take sayar da ƙwaryarta da wahalar hannunta, ba laifi a nan. Amma a mayar da kowane suna inda yake, a ba kowane mai suna rabonsa daga abin da aka samu, kuma kada a sake rufe bakin kowa. Ni nawa rabon na yafe tun a gindin durumi."

A ranar aka cire ƙofar ƙarfen. Waziri kuwa aka ba shi aikin da ya dace da basirarsa: ya bi gari da ƙafa, daga zangon jakai zuwa maƙera, yana sallama yana tambayar wa ya ƙara me. An ce masu jakai sun bar shi a tsaye a rana har suka gama gardama a kan ko wa ya fara ƙaga jakin.

Da Malam Sammani zai koma ƙauyensa, sarki ya raka shi har ƙofar gari, ya ce, "Bar mini wata kalma da zan yi mulki da ita."

Malam ya ce, "Ya sarki, mai adalci ba ya kulle abin da aka bayar a buɗe, kuma ba ya share sunan wanda ya bayar."